Rawanin Soro: A Wuyan Wa Ran Magini Ya Ke?

Kafin a taru, kowa ya karanta Kubawar Shari'a 22:8 da 24:14-15 (a sabon bugu ana ce da littafin nan Maimaitawar Shari'a), da 1 Sarakuna 19:1-21, da Ayyukan Manzanni 16:25-34.

1. Tambayar da ke gabanmu

Sa'ad da labari ya zo cewa wani ya kashe kansa, tambayar da ta kan fara fitowa daga bakin masu bi ita ce, ina ya tafi? Dattawa su kan zauna su yi shawara ko za a kawo gawa majami'a, ko fasto zai tsaya a bakin kabari, ko za a raira waƙa. Waɗannan tambayoyi suna da nauyinsu, amma dukansu bayan aikin gama ya gama a kan yi su. Akwai wata da ta riga su, wadda ba safai a kan yi ta ba, ga ta: cikin kwanakin da mutumin nan ya ke gangarawa zuwa bakin rami, wa ke da hakkin tare shi?

Za mu auna wannan tambaya bisa kan mutane iri ɗaya, watau magina: birkila da kafinta, da mai ɗaurin rodi, da mai buga bulo, da leburan da ke ɗaukar kwanon sarki. Kusan ba ekklesiyar da za a rasa su a ciki, daga Kafanchan zuwa Kagoro, da Zonkwa, da Kwoi, da Kachia. Su ne suka ɗora kwanon da ke bisa kanmu yanzu da mu ke zaune muna nazari.

2. Zaman magini a ƙasarmu

Kafanchan gari ne da hannun leburori ya tashe shi. A shekara ta 1927 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta riga ta ratsa nan ta nufi Kaduna, reshe kuma ya rabu zuwa Jos. Mutanen da suka fasa dutse, suka cika kwari, suka shimfiɗa ƙarfe, daga wurare dabam dabam suka zo, sunayensu kuwa ba su shiga littattafan tarihi ba. Jikokinsu cikin sana'a suna nan har wa yau, sun kuma bazu. Saurayi ya kan bar ƙauyensu bayan an gama girbi, ya tafi Abuja ko Kaduna neman aikin gini, ya kwana cikin kangon da ya ke ginawa, bisa buhun siminti, watanni ba ya ganin matarsa da 'ya'yansa.

A duba irin kayan da ke kansa. Ladansa na yini ne ko na jinga. Ran da aka yi ruwa, ko kuɗin mai gini suka yanke, ba aiki, ba lada. A farkon 2024 buhun siminti ya wuce naira 10,000 a wurare da yawa, gine-gine suka tsaya, magina suka zauna hannu rabbana. Wani ɗan kwangila ya kan riƙe hakkin mako uku, ya ce sai an biya shi tukuna. Jiki kuma yana da iyaka. Baya da gwiwa su kan gaji tun mutum bai tsufa ba, kuma in ya fāɗi daga tsani ya karye, abincin gidansa ya karye tare da shi. Akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda har ta ambaci wahalar da aiki ke jawo wa hankali, amma leburan yini ba safai sunansa ke cikin littafin kowa ba, balle ya nemi diyya.

Domin ya iya zuba kankare tun safe har almuru, wani ya kan haɗiyi ƙwaya irin su taramadol, da yamma kuma ya nemi barci wurin burkutu ko giya mai zafi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya sami mutum wajen miliyan 14.3 a Nijeriya da suka yi amfani da ƙwayoyi cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu irin magungunan kashe zafin ciwo ne suka sha ba da iznin likita ba. Ƙwaya ta kan ba da rancen ƙarfi na yini ɗaya, ta karɓi biyanta da ruwa daga barci da hankali.

Bayan wannan duka, ƙasarmu ta ga tashin hankali: Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, da rikicin bayan zaɓe na 2011, da hare-haren da suka biyo baya a ƙauyuka. Kirista da Musulmi duka sun binne nasu. In wuta ta mutu, magini a kan kira ya tā da abin da aka ƙone, wani lokaci kuwa a cikin wannan kango ne nasa suka mutu. Yana jera bulo, abin da idonsa ya gani yana nan a ransa.

Ga shi kuwa an koya masa tun yana yaro cewa namiji ba ya kuka, ciki kuma ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A wurin aiki wanda ya ce zuciyarsa ta karai dariya za a yi masa, watakila gobe helma ya ɗauki wani a madadinsa. Saboda haka ya kan yi shiru.

3. Abin da ƙidaya ta nuna

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum fiye da 720,000 suka kashe kansu a duniya, wajen kashi 73 cikin 100 a ƙasashe marasa wadata da masu matsakaicin hali. A inda a ke rubuta sana'ar kowane mamaci, an ga cewa magina suna cikin na gaba. A Amurka, a 2021, cikin kowane maza 100,000 masu aikin gini 56 suka mutu ta wannan hanya, alhali cikin dukan maza ma'aikata 32 ne. A Ingila, daga 2011 zuwa 2015, leburan gini ya fi sauran maza shiga wannan hatsari fiye da ninki uku. Dalilan da masu bincike suka kawo su ne rashin tabbacin aiki, da bashi, da nisa da iyali, da ciwon jiki mai daɗewa, da shaye-shaye, da al'adar ɓoye damuwa. Wanda ya san maginin ƙasarmu, da wuya ya sami ɗaya cikin waɗannan da zai ce baƙo ne a gare shi.

4. Rai na wane ne?

Bari mu fara da abin da ba ya motsi. Rai na Allah ne. Shi ya hura shi, mutum kuwa cikin kamanninsa aka yi shi (Farawa 1 da 2). Magini ya fi kowa sanin bambancin mai gida da mai aiki. Kome gwanintar birkila, ba shi da ikon rushe ɗakin da aka ba shi amana domin ya ga aikin ya yi masa wuya. Haka mutum ya ke da ransa. Agustin, babban malamin ekklesiya na Afirka ta Arewa, wanda ya rasu a 430, ya koyar cewa dokar da ta hana kisa ta haɗa har da kashe kai, gama wanda ya kashe kansa mutum ya kashe. Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin Saul, da mai ɗaukar masa makamai, da Ahitofel, da Zimri, da Yahuda Iskariyoti, bai kuwa ɗaga ko ɗayansu ya zama abin koyi ba.

Akwai masu ilimi a duniya da ke cewa ran mutum mallakarsa ne, in ya ga dama ya ajiye shi. Ba mu yarda da su ba. Ko a bar maganar Mahalicci, ba mutumin da ransa ya ke nasa shi kaɗai. Uwa tana da rabo a ciki, da mata, da 'ya'ya. Mai kashe kansa ya kan zaci zai sauke wa iyalinsa kaya, alhali kuwa kayan da zai bar musu ya fi wanda ya ke tsammanin ya ɗauke.

Amma ekklesiya ta daɗe tana tsayawa a nan, kamar wannan ne dukan gaskiya. A majalisar Biraga, cikin ƙasar Fotugal ta yau, a ƙarni na 6, aka hana yi wa irin waɗannan matattu jana'izar masu bi, wannan al'ada kuwa ta yi ɗaruruwan shekaru. Dokokin mulki suka bi sawu. Kundin dokar laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya soma aiki a 1960, ya sa wa mai yunƙurin kashe kansa ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, a sashi na 231. Nufin masu doka shi ne tsoro ya hana mutane. Amma wanda ya riga ya fid da zuciya daga rai, wane ɗauri ne zai tsoratar da shi? Abin da tsoron hukunci ya kan haifa shi ne ɓoyo: iyali su ƙi kai mutum asibiti, su ƙi gaya wa fasto. Ingila ta soke irin wannan doka a 1961, Gana kuma a 2023. Cocin Katolika, cikin kundin dokokinta na 1983, ba ta ƙara lissafa waɗanda suka kashe kansu cikin waɗanda a ke hana wa jana'iza ba.

Hukuncin ran da ya tafi yana hannun Allah, wanda shi kaɗai ya san abin da ya auku cikin zuciya a sa'ar ƙarshe. Ba a ba kowane dattijo wannan kujera ba. Zunubin da Ubangiji ya ce ba a gafarta shi wani ne dabam (Markus 3), kada mu ƙara kan abin da aka rubuta.

5. Yadda Allah ya yi da bayinsa da suka roƙi mutuwa

Mutane da yawa suna zaton mai bi na gaske ba ya kai ga ƙin rai. Musa ya kai. Kayan jama'a suka yi masa nauyi har ya roƙi Allah ya ɗauki ransa (Littafin Lissafi 11). Allah bai tsauta masa ba, dattawa saba'in ya ba shi su ɗauki kayan tare da shi. Ayuba ya la'anta ranar haihuwarsa. Yunusa ya zaɓi mutuwa. Iliya, bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, ya gudu jeji shi kaɗai, ya bar baransa a baya, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi ya mutu.

A lura da jerin abin da Allah ya yi wa Iliya. Da fari ya bar shi ya yi barci. Sa'an nan ya aiko masa da gurasa da ruwa, har sau biyu. Daga baya ya tambaye shi damuwarsa, ya saurara har ya gama, ya sāke tambaya, ya sāke saurara. Sai a ƙarshe ya gyara masa lissafinsa, gama Iliya yana cewa shi kaɗai ya rage, alhali akwai mutum dubu bakwai. Ya kuma ba shi aiki, ya ba shi Elisha abokin tafiya. Mu kuwa sau da yawa da wa'azi mu kan fara, mu manta da gurasar.

Lissafin nan na Iliya da ya karkace, shi ne abin da likitoci ke gani ga mai ciwon damuwa. Wannan ciwo ne na gaske, kamar hawan jini ko tarin fuka. Alamunsa su ne baƙin ciki mai nauyi wanda ya wuce mako biyu bai ɗaga ba, da rashin barci, da ƙin abinci, da mutuwar jiki, da rashin jin daɗin abin da dā mutum ke so, da ganin kai ba a bakin kome ba. Kamar yadda ma'aunin da ya lalace ya kan nuna wa birkila bango a miƙe alhali ya karkace, haka wannan ciwo ya kan nuna wa mutum cewa ba mafita, ba mai sonsa, iyalinsa ma za su fi hutawa in ba shi. Yana kuwa da magani. Wanda ya ce wa irin wannan mutum rashin bangaskiya ne ke damunsa, ya ƙara masa dutse bisa kaya. Wanda kuma ya ce sammu ne ko aljanu, ya sa aka ɗaure shi da mari aka hana shi likita, zai amsa tambaya a kan wannan. Dokar lafiyar hankali wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023, a madadin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tabbatar wa irin waɗannan marasa lafiya mutuncinsu da hakkinsu na samun magani. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Mu kan yi wa wanda ya karye addu'a, mu kuma kai shi wurin ɗori.

6. Dokar rawani

Yanzu mun iso ga zuciyar nazarinmu. Gidajen Isra'ila soraye ne masu shimfiɗaɗɗen rufi, irin na Kano da Zariya, a kan hau bisa a sha iska, a yi shanya, a kwana da bazara. Dokar Musa ta umarci mai gina sabon gida ya ja wa soronsa rawani, watau gajeren bangon nan da ke kewaye bakin rufi, domin kada wani ya fāɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan.

A duba inda doka ta ajiye alhakin. Wanda ya fāɗo, mai yiwuwa ne ya yi ganganci, ko barci ya kwashe shi, ko ya sha ya bugu. Doka ba ta ce ba shi da nasa laifi ba. Duk da haka ba ta yarda mai gida ya wanke hannunsa da cewa ai shi ya kai kansa baki ba. Ka san akwai baki, ka san mutane su kan yi tuntuɓe, kana da ƙasa da hannu, ba ka gina ba: jinin ya taɓa ka. Dokar da ta hana kisa tana da fuska biyu. Ta hana ni ɗaukar rai, ta kuma ɗora mini tsaron rai gwargwadon ikona.

Sura biyu gaba, Musa ya umarta a biya matalaucin ɗan ƙodago ladansa a ranar, kafin rana ta fāɗi, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo, dalili kuwa shi ne ransa na rataye a kan ladan nan. Irmiya ya yi wa sarki Yehoyakim kashedi mai zafi domin ya gina benaye da gumin mutanen da bai biya ba (Irmiya 22). Yakubu ya ce ladan da aka danne yana da murya, tana kuwa kai wa kunnen Ubangiji (Yakubu 5). Nehemiya, yana tsakiyar ginin garun Urushalima, ya ji kukan ma'aikatan da suka jinginar da gonakinsu saboda yunwa da haraji, bai ce a bari sai an gama gini ba. Ya tara manya, ya sa suka mayar da gonakin (Nehemiya 5). Garun kuwa ya ƙare cikin kwana 52.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, gama ekklesiya tana cikin manyan masu ba da aikin gini a ƙasarmu: majami'u, da gidajen fastoci, da makarantu, da ɗakunan shan magani. Kwamitin gini da ya riƙe kuɗin birkila wata biyu yana cewa ai aikin Allah ne, ya gina soro ba rawani.

7. Yadda a ke jan rawani

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa yana da nasa gefe.

Mai gini da ɗan kwangila: a yanka lada a fili, a biya a ranar da aka ɗauka. In kuɗi za su yanke, a faɗa tun da wuri, mutum ya nemi wani aiki. Wanda ya ji ciwo a wurin aikinka, kai shi asibiti, kada ka sallame shi da kuɗin mota. A ba da hutun rana ɗaya cikin bakwai, gama dokar Asabar ta ambaci bara da baƙo da sunansu.

Abokan aiki: ku ne kuka fi kusa. A 2008, a jihar Kwinsland ta ƙasar Ostareliya, ƙungiyoyin ma'aikata da masu kamfanonin gini suka kafa wani shiri mai suna MATES in Construction. A kan tara dukan ma'aikatan wurin gini a koya musu alamun hatsari, sa'an nan a horar da waɗansu daga cikinsu, wajen ɗaya cikin ashirin, a manna musu alama a hular kwano, domin mai damuwa ya san wanda zai nufa, shi kuma ya kai shi wurin taimako. Sun gane cewa magini ya fi buɗe cikinsa ga magini ɗan'uwansa. Wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Zumuntar maza ta kowace ekklesiya tana iya yin irinsa.

Ga alamun da za a lura da su. Mutum ya janye daga hira da cin abinci tare. Shansa ya ƙaru. Ya daina kula da kansa a bisa tsani. Yana cewa ya gaji da duniya, ko ya zama wa mutane kaya. Ya soma sayar da cokalinsa da gudumarsa, ko rarraba su, yana sallama da mutane ba tafiya a gabansa. Wani lokaci kuma, bayan doguwar damuwa, sai a ga ya natsu farat ɗaya ba dalili. Wannan ma abin tsoro ne.

In ka ga haka, ja shi gefe, ka tambaye shi a fili: “Ɗan'uwa, ko tunanin kashe kanka yana zo maka?” Mutane suna tsoron kada tambayar ta shuka abin da babu. Masu bincike sun auna wannan, sun ga ba haka ba ne. Sau da yawa ma sauƙi mutum ya kan ji da ya sami wanda bai ji tsoron maganar ba. In ya amsa, saurara. Kada ka yi masa gardama ko gori. Abokan Ayuba sun yi daidai cikin kwana bakwai da suka zauna tare da shi shiru. Da suka buɗe baki ne suka ɓata. Kada kuma ka yi masa alkawarin rufa asiri, gama rai ya fi asiri.

In hatsarin ya matso, kada a bar shi shi kaɗai, dare ko rana. A kawar da abin da zai iya cutar kansa da shi. Mu manoma ne, kusan kowane gida akwai maganin ƙwari da na ciyawa. A kulle su, mabuɗi a hannun wani. Kada a rena wannan. Zafin nan ya kan zo kamar hadari, ya wuce cikin ɗan lokaci, in abin cutarwa ba ya kusa mutum ya kan tsira. Ƙasar Siri Lanka ta hana magungunan gona mafiya dafi, daga 1995 zuwa 2015 kuwa kashe kai ya ragu a can da wajen kashi 70 cikin 100. Cikin waɗanda suka yi yunƙuri suka rayu, wajen tara cikin goma ba ta wannan hanya su ke mutuwa daga baya ba. Sa'an nan a kai shi wurin likita, wani ya raka shi. A fara da babban asibitin Kafanchan ko wanda ya fi kusa. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, akwai kuma sashin masu ciwon hankali a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Maganin damuwa ya kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, saboda haka a ƙarfafa shi kada ya yar da shi a hanya.

Haka Bulus ya yi a Filibi. Mai tsaron kurkuku ya ga ƙofofi a buɗe, ya zaci aikinsa da ransa sun ƙare, ya zare takobi. Lissafinsa kuskure ne, gama ba wanda ya gudu. Bulus, da bayansa ke zub da jini daga bulalar ranar, ya ɗaga murya cikin duhu ya hana shi, ya shaida masa dukansu suna nan. Bai jira a kawo fitila ba, bai kuma tsaya tunanin cewa mutumin nan ne ya sa ƙafafunsa a turu ba. Kafin gari ya waye, mai tsaron yana wanke musu raunuka, gidansa duka yana murna.

Ekklesiya: a keɓe wani abu daga baiko domin magini da ya ji ciwo ko aiki ya yanke masa. A riƙa neman labarin samarin da suka tafi Abuja, a kira su, a haɗa su da masu bi a can. A yi maganar nan daga bagade, ko da sau ɗaya a shekara. Ran 10 ga Satumba ita ce ranar da duniya ta keɓe dominta tun 2003. Wani limamin cocin Ingila, Chad Varah, wanda jana'izar fari da ya yi ta wata yarinya ce da ta kashe kanta don ba ta da wanda za ta tambaya, ya sa wayar tarho a cocinsa a London a 1953, ya ce duk mai ƙunci ya kira. Daga nan ƙungiyar Samariyawa ta tashi. Abin da ya soma da shi kunne ne kawai, kunne kuwa muna da shi. Rawani kuma ba ya tambayar addinin wanda ya jingina da shi. Leburan da ke kwaɓa siminti kusa da kai, ko Musa ne ko Bitrus, maƙwabcinka ne.

8. Iyakar alhaki

Wani zai ce, ashe ke nan duk wanda nasa ya mutu haka, shi ne mai laifi? A'a. Doka ta nemi mai gida ya ja rawani. Ba ta ce in wani ya haure shi duk da haka a kama mai gida ba. Akwai matan da suka yi tsaro dare da rana, da iyayen da suka sayar da gona don magani, abin ya auku duk da haka. Akwai kuma waɗanda suka ɓoye ciwonsu har ba mai iya ganewa. Waɗanda aka bari suna ɗauke da kaya mai nauyi ƙwarai, su ma kuwa suna cikin hatsari. Kada a guje su. A je gaisuwa, a kai abinci, a binne mamacinsu da mutunci, a koma wurinsu bayan wata uku sa'ad da kowa ya watse. Dokar rawani domin gaba aka ba da ita, mu yi gini da ita.

Kai kuma mai karatu, in kai ne ke tsaye a bakin soron, kada ka jira ƙarshen wannan nazari. Gaya wa mutum ɗaya yau, ka ce ya zauna tare da kai, ku tafi wurin likita tare. Iliya ya yi zaton nasa ya ƙare a gindin itacen nan, ga shi kuwa da sauran tafiya da aiki da aboki a gabansa, waɗanda gajiya ta hana shi gani.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Bisa ga Kubawar Shari'a 22:8, wa ke ɗaukar alhaki in mutum ya fāɗo daga soro marar rawani? Me ya sa?
2. Ku jera abubuwan da Allah ya yi wa Iliya bi da bi. Da wanne mu kan fara, wanne kuma mu kan manta?
3. Akwai magini ko leburan da ke bin ekklesiyarmu, ko wani a cikinmu, kuɗin aiki? Yaushe za a biya shi?
4. Su wa daga cikinmu ke aikin gini a nesa da gida? Wa zai ɗauki nauyin neman labarin kowannensu?
5. In ɗan'uwa ya gaya maka cikin dare cewa ya gaji da rai, me za ka yi kafin gari ya waye?

Abin addu'a: a yi roƙo domin magina da iyalansu, da masu jinya a asibitocin hankali, da gidajen da suka yi irin wannan rashi. Kafin a tashi, a zaɓi mutum biyu da za su kai wa dattawa amsar tambaya ta 3 da ta 4.